Tafiya kusa da inda ake yaƙi: a fara da lissafin hanyar dawowa

Kwanan baya mahaifin wani ɗalibina, ɗan kasuwa a nan Injamena, ya jira ni a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi. Da muka gama gaisawa sai ya ce: "Malam, kai da kake bin labarai, in tafi ko in haƙura?" Yayarsa ce a Adre. An kai ta aure Al-Jinena fiye da shekara talatin da suka wuce, ta tsero da jikoki a 2023, yanzu jiki ya ƙi daɗi, tana ta aiko masa cewa tana son ganinsa. Akwai kuma gidan mijinta da shago a cikin Al-Jinena, kuma dangi na cewa in ya je Adre ya daure ya ƙarasa ya ga abin da ya rage.

Irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Tsohuwar hanyar Hajji ta ƙasa, wadda ta taso daga Kano ta bi Kusuri da Abeshe da Al-Jinena da Al-Fashir har bakin Bahar Maliya, ta bar Hausawa a kowane zango. Wasu sun bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu. Fataucin goro ya kai wasu Salaga da Kumasi. Saboda haka da wuya a yi rikici tsakanin Bamako da Kasala wanda bai taɓa surukin wani ko abokin cinikin wani a cikinmu ba. Bature mai yawon buɗe ido yana iya sauya ƙasa in ya ji ana harbi. Wanda za shi jana'izar uwa, ko karɓo bashin da jarinsa ke ciki, ba shi da wannan zaɓin.

Abin da na lura shi ne, yawancinmu da taswira muke fara lissafi: kilomita nawa ne tsakanin inda zan je da inda ake faɗa? Wannan lissafin yana da amfani, amma ya sha yaudarar mutane. A ƙarshen Janairun 2008 ƴan tawayen Cadi suka taso daga iyakar Sudan a motoci, cikin ƙasa da mako guda suka ratsa ƙasar, ranar 1 ga Fabrairu aka gwabza a Masaget, washegari suna cikin Injamena. Duk wanda ya girma a garin nan yana tuna yadda dubban mutane suka cika gadar Ngeli da ƙafa suna neman Kusuri. Mako guda kafin nan, da ka tambayi mutumin Injamena, zai ce maka faɗan yana can gabas, sama da kilomita 700. Haka Port Sudan: shekara biyu ana ɗaukarsa tudun mun tsira, gwamnati da wasu ofisoshin jakadanci sun koma can, sai ga jirage marasa matuƙi sun fara kai masa hari a Mayun 2025, daga nesa ƙwarai da fagen daga.

A ɗaya ɓangaren kuma, Adre bai fi kilomita 30 daga Al-Jinena ba. A tsakiyar Yunin 2023, bayan an kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abakar, aka yi wa mutane kisan gilla a kan wannan gajeriyar hanya, ɗaruruwan masu raunin harsashi suka cika asibitin Adre cikin ƴan kwanaki. Duk da haka garin bai zama fagen yaƙi ba. Kasuwa ta ci gaba da ci, ma'aikatan agaji suka zauna. Kusa bai ƙone ba, nesa kuwa ya ƙone. Taswira ita kaɗai ba za ta yanke maka hukunci ba.

Abin da ya fi kama matafiyi

In aka duba rikice-rikicen shekarun nan, baƙon da harsashi ya samu kaɗan ne in aka kwatanta da baƙon da hanya ta rufe a bayansa. Wannan shi ne abin da nake son mai karatu ya riƙe, don shi ne ake mantawa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti. Filin jirgin sama yana tsakiyar gari, kuma yana cikin wuraren da aka fara kai wa hari. Wanda ke da tikitin Lahadi ya wayi gari da takarda mara amfani. A ranar ce Cadi ta rufe iyakarta da Sudan. Bankuna suka rufe. Ɗaliban Najeriya, da yawansu ƴaƴan Hausawa masu karatun likita da na addini, sai da aka kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada ana jiran izinin shiga, jirgin farko bai sauka da su Abuja ba sai farkon Mayu. Waɗannan ma gwamnati ce ta tsaya musu. Akwai ƴan Sudan da suka kai fasfonsu ofisoshin jakadanci neman biza, aka kwashe ma'aikatan ofishin aka tafi, wasu ofisoshin ma suka lalata fasfunan kafin su fita. Mutum yana da kuɗi, yana da lafiya, amma ba takardar da zai nuna a iyaka.

Misali na biyu ya fi dacewa da batunmu, domin a nan yaƙin ma bai zo ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ba sojoji wa'adin mako guda, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, har ta ba da umarnin shirya runduna a ranar 10 ga Agusta. Mutane suka yi ta muhawara: za a yi, ba za a yi ba. Ba a yi ba. Amma wanda ya loda kaya a tashar jirgin ruwan Kwatano a makon nan ya tarar da gadar Malanbil da Gaya a toshe. Manyan motoci suka yi layi na makonni, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe, fasinja suka koma tsallake kogin Kwara a kwalekwale da kuɗi mai tsada. Nijar ta rufe sararin samaniyarta na wani lokaci. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Kayan da suka saba bin Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja, wato hanyar da ta fi tsawo ta kuma fi hatsari. Wanda ya ce "ba za a yi yaƙi ba" ya faɗi gaskiya, kuma jarinsa ya karye.

Don haka tambayar farko da na yi wa Alhaji ita ce: in hanyar da ka bi ta rufe gobe, ta ina za ka dawo, kuma kwana nawa za ka iya zama kana ci da kanka? Injamena zuwa Abeshe kwalta ce ta Mongo da Um Hajar, motoci na tashi kullum, Abeshe na da filin jirgi, kuma duk a cikin ƙasa ɗaya kake. Abeshe zuwa Adre kimanin kilomita 160 ne, hanya mai wahala, da damina kuwa kwazazzabai kan cika su tsare mota kwana da kwanaki. Adre zuwa Al-Jinena tafiyar ƙasa da awa guda ce in lafiya, amma da ka tsallaka ka shiga hannun masu bindigar da ba alƙali a kansu, ba ofishin jakadancin da zai nemo ka, kuma ƙofar dawowa ɗaya ce wadda gwamnati ɗaya ke iya rufewa da sanarwar rediyo. Tafiya uku ce daban, ko da yake a baki ana kiransu "zuwa gabas".

Alamu suna zuwa, sai dai ba da kakaki ba

Ana yawan cewa yaƙin Khartum ya zo ba zato. Ga mai barci a gida, haka ne. Ga mai sauraron rediyo kuwa, an yi ta ɗage sa hannu a yarjejeniyar miƙa mulki a farkon Afrilu, ana jayayya kan shekara nawa za a ɗauka kafin a narkar da RSF cikin soja: soja na cewa biyu, su suna cewa goma. Kwana biyu kafin harbin farko, rundunar soja ta fito fili ta yi gargaɗi kan yadda RSF ta jibge dakaru a Marawi. A nan Cadi ma, a Afrilun 2021, ƴan tawayen FACT sun shigo daga Libiya ranar zaɓe, 11 ga wata. Amurka ta umarci wasu ma'aikatan ofishinta su fice. Ranar 20 ga wata aka sanar da rasuwar Shugaba Idris Debi, aka rufe iyakoki, aka sa dokar hana fita da dare.

Kaifin harshen shugabanni shi kaɗai ba ya isa a fasa tafiya. A Maris ɗin 2025 wani babban janar na Sudan, Yasir al-Atta, ya ce filayen jirgin Injamena da Amjaras halal ne a kai musu hari, Cadi ta mayar da martani mai zafi, jirage kuma suka ci gaba da tashi. Magana ba ta da tsada. Abin da ya fi ta nauyi shi ne abin da mutane ke yi wanda yake jawo musu asara: kamfanin jirgi ya soke tashi, ƙungiyar agaji ta janye ma'aikata, babban ɗan kasuwar garin ya kwashe iyalinsa "zuwa biki" bai ce ranar dawowa ba, kuɗin mota mai fita daga garin ya ninka na mai shiga. Wannan na ƙarshe a tasha ake jinsa kyauta, kuma ni na fi yarda da shi a kan sharhin masana da yawa.

Masu karanta Faransanci sun san taswirar ma'aikatar harkokin wajen Faransa mai launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, da ja inda aka ce kada a je ko kaɗan. Amurka ma tana da matakai huɗu. A duba su, amma a san don wa aka zana su. An zana su ne don ɗan ƙasarsu, wanda fatarsa kaɗai ke jawo masu satar mutane, shi ya sa za ka ga an shafa ja a garin da kakarka ke zaune lafiya tana sayar da fura. Amfaninsu a gare mu yana wajen sauyi: in wurin da ya shekara yana ruwan lemo ya koma ja a wannan makon, to wani abu ya faru, a bincika.

Akwai kuma hatsarin da waɗannan taswirori ba sa nunawa sam, domin bai shafi Bature ba. A shingen bincike ana duba fuska da harshe kafin takarda. A Sudan, tun da aka fara zargin cewa RSF na ɗaukar mayaƙa daga Cadi da Nijar da Mali, baƙon da ke ɗauke da takardar ɗaya daga cikin ƙasashen nan, ko wanda Larabcinsa ke da karin yamma, yana iya zama abin tuhuma a yankin soja. A yankin RSF kuma tambayar ƙabila ta sha zama tambayar rai da mutuwa. Hausawan Sudan ba su manta da 2022 ba, lokacin da rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka sama da ɗari a Yuli, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba ya ci fiye da haka. A wasu yankunan Burkina Faso da Mali kuwa, kamannin Bafulatani ya isa a sauke mutum daga mota. Ya kamata matafiyi ya tambayi kansa: a idon yaron da ke riƙe da bindiga a shingen nan, ni wane ne?

Labarin wa za a ɗauka

Alhaji ya nuna mini bidiyo biyu a WhatsApp, ɗaya na gawawwaki, ɗaya na kasuwa cike da mutane, duka an rubuta Al-Jinena. Ba ko ɗaya mai kwanan wata. Ina koyar da yara cewa labari ba ya cika sai da wa, ina, da yaushe. Manya ma muna buƙatar darasin. A wurin da ake rikici, labarin mako biyu ya tsufa. Mutumin da ya sauka daga mota yau da safe ya fi wanda ya yi shekara goma yana bin hanyar amma rabonsa da ita tun bara.

Direba ya san hanya fiye da kowa: shinge nawa ne, na wa ne, nawa ake biya, ƙarfe nawa ake daina wucewa. Sai dai direba kujera yake sayarwa, in ka tambaye shi ko lafiya zai ce lafiya lau. Tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi jiya da ƙarfe nawa ya iso, ko yana kwana a can ko juyowa yake a ranar, ko zai ɗauki ɗansa a wannan tafiyar. Dangin da ke can su ma suna da nasu. Wanda ya shekara biyu yana jin harbi ya saba, "da sauƙi" a bakinsa na nufin yau ba a kashe kowa a unguwarsu ba. Wani kuma kewa ce ke sa shi rage labari don ka zo. Ba ƙarya suke yi ba, amma a haɗa bakinsu da na Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango na garin, wanda duk baƙon da ya shiga matsala ƙofarsa ake bugawa, da kuma labaran rediyo na ranar.

Takarda, kuɗi, lafiya

Waɗannan sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba, illa abubuwa kaɗan da ke ba mutane mamaki. Katin CEDEAO ba ya aiki a Cadi da Kamaru yadda yake aiki a Gana ko Togo, domin su ƴan CEMAC ne. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka a tambayi abin da ake karɓa a iyakar a wannan watan. Sefar yamma da sefar tsakiya darajarsu ɗaya, amma mai shago a Abeshe ba zai karɓi ta Yamai ba. Kuɗin waya irin Airtel Money da Moov Money suna rage hatsarin ɗaukar tsaba, har ranar da aka yanke layi. A Fabrairun 2024 an yanke sadarwa a kusan duk Sudan, masu dogaro da manhajar Bankak suka rasa abin sayen burodi alhali kuɗinsu na ciki. A raba: wani a waya, wani a jiki, kuma kuɗin dawowa a ware shi daban kada a taɓa shi ko don sadakar makoki. A ɗauki hoton fasfo da katin rigakafi a bar wa na gida, kuma kada a bar fasfo a hannun kowa ya kwana.

Cuta kuma ba ta san iyaka ba. Gabashin Cadi ya karɓi sabbin ƴan gudun hijira sama da 700,000 tun 2023, Adre kaɗai ya ɗauki ninkin-ba-ninkin mutanensa. An yi fama da ciwon hanta mai bin gurɓataccen ruwa a can a 2024, kwalara kuma ta ɓulla a sansanonin Wadai a daminar 2025. Mai hawan jini ko ciwon suga da zai yi tafiyar kwana biyar ya ɗauki maganin wata guda.

Da na zo nan sai Alhaji ya yi murmushi ya ce: "Malam, ai in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi." Na ce haka ne, Alhaji. Amma shi da kansa ba ya barin shago a buɗe ya tafi masallaci, kuma lissafin da muke yi bai tsaya a kan mutuwa ba. Akwai wata uku a tsare a garin da ba ka da sana'a, yara tara a gida, kuɗin makaranta na jira. Akwai kiran waya da dare ana neman kuɗin fansa daga matar da ba ta san inda ka ajiye komai ba. Zumunci wajibi ne, haƙƙin waɗanda ka bari ma wajibi ne, kuma su ba a tambaye su ba.

Shi ya sa nake ganin dalilin tafiya ya kamata a auna shi da tambaya ɗaya: me zai lalace in ban je da ƙafata ba, ko in na jinkirta wata biyu? Ganin mara lafiya ba ya jira, kuma ba a aika wakili. Duba shago yana jira. Maƙwabci na iya ɗaukar hoto. Gaisuwar mutuwa ana yinta a waya yanzu ba wanda zai zarge ka. Biki kuwa, in amarya na da rabo za a yi suna. Sau da yawa ma akwai hanya ta uku tsakanin tafiya da fasawa, wato a haɗu a tsakiya: na can ya matso, na nan ya matsa, a gamu a garin da ke da asibiti da hanya fiye da ɗaya.

Abu na ƙarshe da na roƙe shi: ya yanke tun yana gida abin da zai sa ya juyo, ya faɗa wa uwargidansa da babban ɗansa. In an rufe iyaka, in layin waya ya ɗauke kwana guda, in motocin agaji sun daina bin hanyar, ya kamo hanya a ranar, ko an gama abin da ya kai shi ko ba a gama ba. Dalili shi ne, a can ba a iya wannan hukunci. Ka kashe kuɗin mota, dangi sun kewaye ka, kowa na cewa gobe zai lafa, kunya ta hana ka zama na farkon tashi. Mutanen Khartum da yawa sun ce bari a ga bayan Salla.

Alhaji ya jira ruwa ya ɗauke. Ya aika kuɗi ta waya, wani ɗan yayar tasa ya je wajen hukumar CNARR mai kula da ƴan gudun hijira ya tambayo takardar da ake buƙata, aka kawo ta Abeshe a mota. Shi kuma ya tafi shi kaɗai, bai ɗauki yaron da ya so rakiya ba, ya kwana shida, ya kai ta asibiti, ya kama mata ɗaki kusa da wasu ƴan'uwa. Ranar da ya dawo ya aiko mini da dabino ta hannun ɗalibin nawa. Shagon Al-Jinena har yanzu ba wanda ya je ya gani, kuma wasu daga cikin dangi ba su daina yi masa gorin hakan ba.